Yadda zaka karanta take-taken kasashe idan suna son sauya gwamnatin makwabta, da shirin da mutumin bakin boda zai yi

Mu da muke zaune tsakanin Gumel da Maigatari abin da ya faru a damunar 2023 bayan juyin mulkin Nijar ya koya mana karatun da ba a aji ake yinsa ba. Ni dai awaki da tumaki nake saye a kara ranar Alhamis, in kaka tayi in taba wake, bani da wata alaka da ofishin jakadanci, amma ranar da aka rufe boda kudina suna hannun abokin huldata a can bangaren Dungas, kayan da na biya suna can, ni ina nan, kuma ba wanda ya gargade ni duk da cewa alamomin suna ta fitowa a rediyo kwana da kwanaki, kunnena ne bai san me zai kama ba. Shi yasa nace bari in rubuta wa 'yan uwa yadda ake bin wannan lamari, don in ya sake tasowa kada ya same mu a kwance.

Ka fara da gane cewa idan wasu kasashe suka kuduri niyyar sai wani shugaba ya sauka, ko sai an mayar da wanda aka kifar, ba rana daya suke fado masa ba, hawa-hawa abin yake tafiya kamar matakalar bene, kuma kusan kullum tsarin daya ne. Sanarwar Allah wadai, dakatarwa daga kungiya, wa'adi, takunkumi, sai barazanar soja, a gefe guda kuma 'yan shiga tsakani suna ta kai da komo. Aikinka shine ka san a wane hawa ake yau.

Allah wadai kam kada ta daga maka hankali, kowa yana yinta, ko kasar da bata san inda Yamai take ba zata fitar da takarda. Abin da zaka saurara a ciki shine kalma daya, shin sun kira abin juyin mulki ko kuwa suna ta kewaye-kewaye. Sojoji sun tsare shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, amma Amurka bata yarda ta kira abin juyin mulki a hukumance ba sai watan Oktoba, saboda dokarsu tace da zarar an furta kalmar dole a yanke wani bangare na tallafi, su kuma a lokacin suna da sansanin jirage marasa matuka a Agadas da basa son rasawa. Kaga duk kasar da ka ji tana taunar magana to tana da kaya a cikin gidan, kuma ba zata matsa da karfi ba.

Wa'adi shine inda ya kamata ka tashi tsaye. Ranar Lahadi 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS, kungiyar kasashen Afirka ta Yamma, suka zauna a Abuja, Tinubu ne shugaban kungiyar a lokacin, ko wata daya bai yi akan kujerar ba, suka bawa Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, mako daya ya mayar da Bazoum, a zaman nan dai suka ce a rufe iyakoki, a hana jirage shiga da fita, a tsayar da hada-hadar kudi, a rike kadarorin Nijar dake bankunan yankin. Bayan 'yan kwanaki Najeriya ta yanke wutar lantarki, Nijar kuwa a lokacin kusan kashi 70 na wutarta daga nan take samu. Lissafa da kanka, daga ranar juyin mulki zuwa ranar da ECOWAS ta ce a rufe boda kwana hudu ne kacal. Kwana hudun nan sune duk damar da dan kasuwa yake da ita, ni kuma na bata su ina jiran kasuwar Alhamis mai zuwa. Don haka ka rike wannan, da ka ji an kira taron gaggawa na shugabanni akan kasar da kake hulda da ita, a ranar ka kira mutuminka a waya, kayan da aka riga aka daure a taso dasu, kudin da ba a kashe ba a san hannun wa suke, kuma kar ka kara tura ko sisi sai ka ji abin da taron ya yanke.

Maganar bashi kuwa dan Allah a rika rubutawa. Huldarmu da mutanen can ta amana ce tun kakanni, fatoma ya sanka ka sanshi, amma rufe boda na wata bakwai yana canja abubuwa da yawa, sefa ta tashi naira ta fadi, wanda ya karbi kudinka a naira zai ce a naira zai biya, kai kuma kana ganin an cuce ka, har zumunci ya samu tabo. Ku rubuta a wane kudi za a biya, da shaidu biyu, ai dama Alkur'ani a karshen Bakara abin da ya umarta kenan. Ni da nawa mutumin sai da liman ya zaunar damu kafin muka daidaita, kuma mutumin kirki ne, takarda ce kawai bamu yi ba.

To yanzu babbar tambaya, ta yaya zaka gane ko matsin zai ci ko ba zai ci ba, tunda tsawon wahalarka ya dogara da wannan. Nan sai ka ajiye Gambiya da Nijar gefe da gefe ka kallesu.

A Gambiya anyi zabe ranar 1 ga Disambar 2016, Adama Barrow ya kada Yahya Jammeh wanda ya shekara 22 yana mulki, Jammeh ya amsa kaye da bakinsa sannan bayan mako guda ya dawo yace bai yarda ba. Buhari da Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya da John Mahama na Gana suka je Banjul suka lallashe shi yaki. Ranar 19 ga Janairun 2017 aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya dake Dakar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Dinkin Duniya ya mara masa baya a ranar, sojojin Senegal suka tsallaka iyaka, ranar 21 ga wata Jammeh ya hau jirgi zuwa Ikwatoriyal Gini. Mutane suna cewa sojoji ne suka kore shi, eh suna ciki, amma duba abin da ya riga su. Ministocinsa sun yi ta ajiye aiki daya bayan daya har mataimakiyarsa, babban hafsan sojinsa ya fito yace ba zai sa yaransa fada akan rikicin siyasa ba, jama'ar kasar su suka kada kuri'ar da ta kayar dashi, kuma kasar tsiri ce Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai bakin teku, babu makwabcin da zai bude masa taga. Sannan shugaban Gini Alpha Conde da na Muritaniya suka zauna dashi har aka samo masa inda zai je da mutuncinsa.

Yanzu dawo Nijar ka duba abubuwan nan daya bayan daya. Rundunar soja bata rabu ba, washegarin juyin mulki babban hafsa ya fito yace suna tare da masu juyin. Mutane sun cika filin wasa na Yamai suna goyon baya, kuma duk lokacin da aka ambaci Faransa sai taron ya kara cika. Mali da Burkina Faso suka ce wanda ya taba Nijar ya taba su, Aljeriya tace bata yarda da yaki ba, Chadi bata cikin ECOWAS balle ta rufe tata iyakar. Kaya da suka makale a tashar Kwatano aka koma bi dasu ta Lome a ratsa Burkina, da tsada da hadari amma suna isa. Ga kuma iyakarmu da su ta fi kilomita 1,500, wa zai tsare ta? Mu nan mun san hanyoyin cikin gona da babura suke bi sun fi a kirga. Da na san in jera abubuwan nan a lokacin, da tun makon farko na gane cewa lamarin zai dade kuma Bazoum ba zai koma ba, da na sayar da dabbobin da nake rike dasu da dabara, ban zauna ina cewa gobe za a bude jibi za a bude ba.

Saboda haka idan abu irin wannan ya taso ka tambayi kanka, sojojin kasar kansu a hade yake ko ya rabu, talakawan kasar suna tare da wa, akwai makwabcin da ya ki rufe kofarsa, kuma an bar wa mai mulkin hanyar fita? Ta karshen nan ita mutane suka fi mantawa. Mutumin da ya san in ya sauka kurkuku zai tafi ba zai sauka da lalama ba. Charles Taylor na Laberiya ya yarda ya bar mulki a Agustan 2003 ne saboda Obasanjo ya bashi masauki a Kalaba, amma a 2006 aka kama shi a Gamboru yana neman tsallakawa Kamaru aka mika shi kotu, kuma ina da yakinin duk wani mai mulki a Afirka ya ga wannan ya ajiye a ransa. Shi yasa yanzu alkawarin mafaka baya saurin shiga kunnensu.

Sai ka kalli su waye ake aikawa kuma wa yake karbarsu, wannan yafi duk wata sanarwa fadin gaskiya. Tawagar farko da ECOWAS ta tura farkon Agusta, Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suna ciki, manya ne da ba a wasa dasu, amma suka dawo basu ga Tchiani ba basu ga Bazoum ba. Amurka ta turo babbar jami'arta Victoria Nuland, ita ma bata ga Tchiani ba sai wasu hafsoshi. Amma Khalifa Muhammadu Sanusi ya je tare da Sarkin Damagaram ranar 9 ga Agusta aka bude masa kofa, bayan 'yan kwanaki malamai karkashin Sheikh Bala Lau suka je aka zauna dasu sa'o'i, sai daga baya Abdulsalami ya koma ranar 19 ga wata ya gana da Tchiani har aka bashi dama ya ga Bazoum. Abin da na fahimta shine wanda ya zo da wa'adi a aljihu ana barinsa a waje, wanda ya zo da sallama irin ta gida ana shimfida masa tabarma. Mu da muke sulhun gona da na aure a kauye mun san haka, in ka aika dan sako yana cewa ko kayi ko a yi maka to ka rufe maganar tun kafin a fara. Idan ka ga an fara karbar malamai da sarakuna to zafin yaki ya fara sauka, amma kada ka dauka boda zata bude gobe, tsakanin zuwan malamai da bude boda sai da aka yi wata bakwai.

Barazanar soja ita ce ta fi tsorata mata da tsofaffi a garuruwanmu, kuma da gaskiyarsu, mu ne a bakin layi. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS tace a shirya dakarun ko-ta-kwana, hafsoshi suka yi ta taro a Abuja da Akara har ana cewa an tsayar da rana. Yadda zaka auna irin wannan shine ka duba gidan mai barazanar, kada ka tsaya kan bakinsa. Tun ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna a bi hanyar sulhu, sanatocin Arewa suka fito fili suka ce basu yarda ba, limamai suka yi ta huduba, to kasar da ita ce zata bada mafi yawan sojoji da kudi in majalisarta da rabin jama'arta basu so, da wuya a harba harsashi. Kuma kar ka raina abin da irinmu zasu iya a nan. Muryar da ta tsayar da abin daga kasa ta taso, daga masallatan Juma'a da fadar hakimai da kungiyoyin 'yan kasuwa ta hau sama. In abu ya sake tasowa ku hadu ku je wajen dagaci, ya kai wa hakimi, a kai fada, ku kira dan majalisarku, ku fadi abin da rufe boda ya jawo muku da adadi, tirela nawa ke tashi a kasuwa da, nawa ke tashi yanzu, wannan yafi zagi a Facebook amfani nesa ba kusa ba.

Ina so in tsaya kadan akan takunkumi domin shi ne ya taba ni har zuci. Masu tsara shi lissafinsu shine in talaka ya ji jiki zai juya wa mai mulki baya. A Kwadebuwa a 2011 an toshe wa Gbagbo mai mulkin kasar asusun babban bankin yankin har biyan albashi ya fara gagararsa, duk da haka sai da aka yi yaki, mutum wajen 3,000 suka mutu, kafin a kama shi ranar 11 ga Afrilu. Mu kanmu an taba yi mana, bayan rataye Ken Saro-Wiwa ranar 10 ga Nuwambar 1995 kungiyar kasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya, Turai da Amurka suka hana manyan soja biza, amma ba wanda ya daina sayen danyen mai, Abacha yana nan daram har Allah ya dauki ransa a Yunin 1998. A Nijar kuwa wanda ya ji jiki shine mai ciwon suga da maganinsa ya yanke, da mai walda da ba wuta, da mu masu kara a wannan bangaren. Goggona tana aure a wajen Magarya, tana da hawan jini, maganin da take sha daga Kano muke aika mata, a watannin nan sai da muka rika bada shi a hannun 'yan babur, kowane shinge a hanya sai an ajiye wani abu, kwalin magani ya koma kamar kayan laifi. Fushin mutanen can kuma bai tafi kan sojojinsu ba, kanmu ya dawo, har ka ji dan uwanka na jini yana ce maka ku ne kuka kashe mana wuta. Wannan magana ta dade tana ci na. In kana da mara lafiya ko tsoho a daya bangaren, da jin wa'adi ka aika masa maganin wata biyu ko uku in da hali, kuma ka ajiye 'yar sefa a hannu kada duk kudinka su zama naira.

Game da labarai, kada ka dogara da tasha daya. Kowace rediyo tana da kasar da take biyanta, RFI ta Faransa ce, BBC ta Ingila, DW ta Jamus, gidan rediyon gwamnatin Nijar na masu mulki ne, ka saurari biyu ko uku ka ga inda suka hadu, nan ne gaskiya ta fi yawa. Sojojin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 tun farkon Agusta, wannan ma alama ce ta inda aka dosa, kafin karshen wata suka bawa jakadan Faransa sa'o'i 48 ya fita, ya ki, aka yi ta ja har karshen Satumba ya tafi, sojojin Faransa wajen 1,500 suka bi bayansa kafin shekara ta kare. Korar jakada in ka ji ta to maganar ta wuce gyara da wuri. Sakonnin murya na WhatsApp kuwa, irin wanda wani zai ce ga tankoki nan sun taso daga Kano, wallahi kar ka tura sai ka kira wanda yake kan hanyar ya gani da idonsa, a lokacin akwai gidajen da suka daure kaya cikin dare saboda bidiyon da ba ma a kasar nan aka dauka ba.

Ka kuma sa ido akan abin da matsin yake haifarwa wanda masu yinsa basu nufa ba, don shi ne zai zauna damu bayan an manta da rikicin. Ranar 16 ga Satumbar 2023 Mali da Burkina da Nijar suka kafa kawancensu na kasashen Sahel da ake kira AES, ranar 28 ga Janairun 2024 suka ce sun fita daga ECOWAS, fitar ta tabbata bayan shekara guda. Aka shiga don a mayar da mutum daya kan kujera, aka fito kungiyar ta rasa kasashe uku, shi kuma Bazoum shekara biyu ta wuce yana tsare. Libiya ma haka, a 2011 da sunan kare fararen hula aka fara, Gaddafi ya mutu a Oktoba, makaman da suka watsu daga can har yau Sahel bata huta dasu ba. Abin da ya shafe ka a nan shine takarda. Da mun saba mu tsallaka da fuska da sallama kawai, yanzu ka nemi katin dan kasa ka rike shi a jikinka, in kana nisa har Damagaram ko Maradi ka yi fasfo ko takardar tafiya, ECOWAS ta ce zata ci gaba da karbar takardun mutanen kasashen uku kafin a daddale sabon tsari, amma abin da aka fada a Abuja da abin da mai shinge zai ce maka a daji ba kullum suke zama daya ba.

Ranar da ka ji an dage takunkumi ma kada ka yi gaggawar loda mota. ECOWAS ta dage nata ranar 24 ga Fabrairun 2024 ana gab da azumi, amma Tinubu bai bada umarnin bude iyaka ba sai 13 ga Maris, Nijar kuma bata bude nata bangaren ba sai bayan kwanaki, ta Binin kuwa suka barta a rufe. Boda kofa biyu ce, taka da tasu. Akwai wadanda na sani da suka dauki hayar mota suka loda masara da jin sanarwar farko, suka je suka yi kwanaki a bakin shinge suna biyan direba kudin kwana. Ka kira fatomanka na can tukuna ya je da kafarsa ya ga mota ta wuce, sannan ka fara da kaya kadan a zuwan farko.